Kundin gidanmu na Nima, daga arba'in ɗin Yaya Babba zuwa yau

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Jiya aka yi sadakar arba'in ta Yaya Babba. Shekararsa 47. Bai taɓa shan giya ba, bai taɓa sa sigari a baki ba, sana'arsa tuƙin babbar mota tsakanin Tema da Wagadugu. A watan Satumba ya fara cewa gefen cikinsa na dama yana masa nauyi, muka ce gajiyar hanya ce. Da idonsa ya yi ɗorawa muka ce shawara ce, aka jiƙa masa saiwoyi. Kafin a kai shi asibiti a ɗauki hoton cikin, ciwon daji ya riga ya cinye hantar. Farkon Disamba muka kai shi makwancinsa.

Likitan da ya duba shi a ƙarshe ya tsayar da ni a baranda ya tambaye ni mu nawa uwarmu ta haifa. Ya ce ciwon hanta nau'in B ne ya daɗe a jikin Yaya, wataƙila tun yana goye, kuma duk wanda ke gida ɗaya da shi ya je a gwada jininsa. A lokacin kaina ba ya ɗaukar magana. Yanzu da 'yan gaisuwa suka watse na sayi wannan littafi, zan riƙa rubuta abin da muka canza a gidan nan da ranar da muka canza shi, wanda ya zauna da wanda ya ƙi zama. Ni koko da ƙosai nake sayarwa a bakin titi a nan Nima, unguwarmu a Accra, tare da Inna. Abin da na dafa ba mu kaɗai ke ci ba, shi ya sa maganar ta tsaya mini a rai.

Alhamis, 23 ga Janairu

Mu goma sha ɗaya muka je gwaji ranar Litinin, yau sakamako ya fito. Mutum biyu na ɗauke da ƙwayar cutar, Inna da Auta. Ni da Maigida da matar Yaya ba mu da ita, amma kuma jininmu ba shi da kariya. Yaran duka lafiya. Ma'aikaciyar jinyar ta duba katin awonsu ta ce tun 2002 Ghana ta sa rigakafin wannan ciwo cikin allurar jarirai, wadda ake yi a mako shida da goma da goma sha huɗu. Auta haihuwar 1997 ne, da shekara biyar ya riga ta.

Da muka dawo Inna ta ɗauki kofinta da kwanonta da cokalinta ta kai ƙuryar ɗaki. Ta ce ita ta kashe ɗanta, ba za ta ƙara da jikoki ba. Na zauna kusa da ita na maimaita mata abin da aka gaya mana: ba a ɗaukar ciwon nan ta kwano ɗaya, ko kofi, ko musabaha, ko zama kan tabarma ɗaya. Ta jini yake bi, da lokacin haihuwa, da auratayya. Jaririn da ya kamu, tara cikin goma ƙwayar na zama a jikinsu har girma ba tare da wata alama ba, babba kuwa mafi yawa jikinsa na korar ta da kansa. Na ce, "Inna, ke ma a goye aka ba ki, wa za ki tuhuma? Lokacin da kika haifi Yaya ko allurar ba a yi ba." Ba ta amsa ba. Da dare na zuba tuwo a babban kwano na sa hannu na jira ta. Ta daɗe kafin ta matso.

Litinin, 27 ga Janairu

Allurar farko ta rigakafin ciwon hanta, mu uku da jininmu ba shi da kariya. Ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku bayan wata shida, kuma an ja mana kunne cewa a ta ukun ne mutane ke gudu. Na saya wa kowa abin yankan farcensa na ɗaura masa zare mai launi daban. Masu yankan farce da ke yawo da almakashi lungu-lungu, mun daina kiransu. Maigida ya sayi injin askinsa, yana tafiya da shi wurin mai aski da yaran maza.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Yau ranar kasuwar Nima ce, kuma yau na fara sayen gyaɗa da ido buɗe.

Wata ma'aikaciyar jinya 'yar lungunmu, mai sayen koko a wurina kullum, ita ta fara yi mini maganar. Ta ce hantar da ke fama da wannan ƙwayar cuta ba abin da ta tsana kamar gubar fumfunar gyaɗa da masara, wadda ake kira afulatoksin. Kowacce ita kaɗai tana iya kawo ciwon dajin hanta, in suka haɗu a jiki ɗaya haɗarin ninkuwa yake yi sau da yawa. Na bi maganar a waya har dare ya raba. An fara gano gubar ne bayan da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, saboda abincin gyaɗa da aka kawo daga Burazil. A 2004 kuma gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Wancan kisan gaggawa ne. Namu na sannu ne, kaɗan yau kaɗan gobe, a miyar gyaɗa da tuwon zafi da ƙuliƙuli. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wuta ba ta kashe ta. Tafasa da suya da gashi duk ba su raba ta da abinci.

Sai na tuna yadda nake yi shekara da shekaru. In na je saye, akwai gyaɗa mai kyau, akwai ta biyu mai araha, farfasassa da ƙanƙanannu da waɗanda suka yi duhu. Mai kyau nake soyawa in ba masu koko, ta biyun nake kaiwa inji a niƙa mana ta miya, tunda in an niƙa ba mai gani. Shekara nawa Yaya yana cin wannan miyar a hannuna? Na yi kuka a kan wannan, kuma ba zan ɓoye shi a littafin nan ba.

Yau olonka huɗu, wato gwangwanin awo na kasuwarmu, na saya, mai kyau zalla. Na sa hannu har ƙasan buhun na ɗebo, na shinshina, na fasa kaɗan da haƙori in ji ko ta bushe ƙayau. Mai gyaɗar ya ce, "Hajiya, yau kuma bincike ake?" Na ce masa ciwo ne ya koya mini. A gida muka baza a faifai ni da 'yan matan, muka tsince duk wadda ta yamutse, ko ta fashe, ko ƙwaro ya huda, ko launinta ya sauya. Kusan cikin gwangwanin madara biyu muka fitar. Inna ta ce a ba kajin makwabta, na ce a'a, kazar ma ci za a yi. Na ƙulle a leda na kai bola. Tsincewa ba ta raba gyaɗa da gubar ƙaf, amma mafi yawanta a irin waɗannan ƙwayoyin take taruwa. An ce wake ɗaya ke ɓata gari, yau na ga haka a faifai.

Niƙaƙƙiyar gyaɗa ta roba da ake sayarwa a kasuwa na daina saye, don ban ga abin da aka zuba a injin ba.

Asabar, 15 ga Maris

Tsakiyar azumi. An yi mana allura ta biyu ranar 27 ga Fabrairu, kafin a ga wata.

Sukari ne yaƙin wannan watan. A lungunmu ana cewa sukari abincin kansa ne, wato ciwon daji, amma yadda aka bayyana mini, ta ƙiba yake bi, kuma an danganta ƙiba da ciwon daji iri 13, har da na hanta da na hanji da na mama bayan mace ta daina al'ada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce giram 50 a yini, wajen ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a rabin haka ya fi. Na ƙirga abin da nake zubawa a lamurjin buɗa-baki da soɓolo, wato zoɓo, sai na ga kofi biyu sun kusa cinye rabon yini guda, ba a zo kan koko da burkina, haɗin gero da nono, ba. Na rage kashi ɗaya cikin uku ban gaya wa kowa ba. Ba wanda ya lura. Da na rage rabi, babban ɗana ya ajiye kofi ya ce, "Mma, yau tsamiya ta yi yawa." Na tsaya a nan, na ƙara citta da kanumfari.

Lemon kwalba ya fita daga gidan da kansa, tun da gwamnati ta sa wa abin sha mai zaƙi harajin kashi 20 cikin ɗari a 2023 ya fi ƙarfin aljihunmu. A faranti kuma na mayar da kankana da gwanda gaba, pinkaso da ƙosai baya. Miyar ayoyo da ta kontomire, wato ganyen gwaza, da alayyafo sun koma sau biyar a mako. Dunƙulen miya daga huɗu ya koma biyu, daddawa ta cike gurbin, gishiri ma na sassauta hannu.

A wurin sana'a abin ya fi wuya. Mai saye in ya ce a ƙara sukari, kuɗinsa ne. Abin da na iya shi ne na daina zubawa kafin in tambaya.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Maigida tela ne, daga hantsi har isha yana kan keke. Ni ma in ka cire ɗaukar tukunya, a zaune nake sayarwa. Abin da ake so minti 150 ne a mako na tafiya mai ɗan sa haki, wato rabin awa sau biyar. Asuba ba tawa ba ce, lokacin ciniki ne, don haka bayan la'asar muke fita, daga gida zuwa Babban Masallacin Ƙasa na Kanda mu dawo. Makon farko matan lungu sun yi ta tambaya ko lafiya, ina za mu ba da jaka ba. Yanzu biyu daga cikinsu na bin mu. A wata guda mun fita sau 14, an so ya kai 20. Jiya Asabar muka hau mota zuwa Ayi Mensah muka bi masu hawan tudun Peduase. Maigida ya tsaya hutawa sau uku amma ya kai.

Wurin da na kasa shi ne wajen Auta. Likita ya duba yawan ƙwayar a jininsa ya ɗora shi kan tenofovir, ƙwaya ɗaya kullum, kuma yana sha ba fashi. Amma in ya taso daga gyaran waya a shataletalen Kwame Nkrumah, majalisar ataya, wato shayi, yake wucewa, a can kuma akwai tukunyar shisha. Ya ce mini, "Yaya, ai ba sigari ba ce, ta cikin ruwa take bi, ƙamshin tuffa ne kawai." Na ce masa taba ce aka jiƙa da zaƙi, ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, ba ya wanke shi, ga hayaƙin gawayin a kai. A hayaƙin taba akwai sinadarai wajen 70 masu jawo ciwon daji, kuma hanta na cikin gaɓoɓin da take taɓawa. Ya yi shiru, ya ce zai rage. Na san wannan "zan rage" ɗin.

Shayin kansa ba laifi, zafinsa ne abin dubawa. Tun 2016 masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya suka sa abin sha da ya wuce digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo ciwon dajin maƙoshi. Mu kuwa koko in bai ƙona harshe ba sai a ce ya kwana. Yanzu a gida in na zuba sai an jira ya sha iska.

Lahadi, 8 ga Yuni

An yi Babbar Sallah, ta farko ba Yaya. Shi ke kawo mana rago daga arewa a motarsa.

Rigimar bana a kan babbaka ce. Samarin da ke karɓar kai da ƙafa su babbake a bayan gida tsohuwar tayar mota suke cinna wa wuta, don tana ci da ƙarfi kuma ba a saye. Baƙin hayaƙin nan mai maiƙo yana ɗauke da sinadaran da ke jawo ciwon daji, yana manne wa fata, kuma kankarewa ba ta fitar da shi duka. Na hana a kai namu. Kawu ya ce tun ina yarinya haka ake yi. Na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, tun ina yarinya da itace na ga ana yi, taya daga baya ta zo." Ya yi dariya ya ce gaskiya ne. Muka sayi itace muka babbake a tsakar gida, ya ɗauki lokaci amma ya yi. Gandar kasuwa ma, wadda ake ce wa wele a nan, sai wurin matar da na ga inda take babbake tata nake saye.

Naman kuwa mun fi rabarwa bana fiye da kullum. Abin da ya rage na yi farfesu da dambu, na soya kaɗan. Tsiren da yara suka gasa na sa sun ɗaga shi daga harshen wuta, inda ya ƙone baƙi a yanke a yar. Jan nama ba haramun ba ne a likitance, yawansa kullum ne ake dangantawa da ciwon dajin hanji. Wanda aka tabbatar a kansa tun 2015 shi ne naman da aka sarrafa, irin sosej da naman gwangwani, kuma sosej ɗin nan ya cika wurin masu cincinga, wato tsire, da masu Indomie, yara na sonsa. Na ce sau ɗaya a wata.

Wani abu ƙarami: na daina hura gawayi da leda. Takarda da ɓawon kwakwa sun isa. Murhun ma na fitar da shi daga baranda zuwa fili.

Talata, 24 ga Yuni

Asara. Rabin buhun masarar da na saya a watan Afrilu don in tsere wa tsada ya yi fumfuna daga ƙasa. Ruwan Yuni bai shigo ɗakin ba, amma buhun a kan siminti yake, jingine da bango, kuma iskar Accra a damina jiƙaƙƙiya ce. Da na buɗe sai warin ya buge ni, ƙwayoyin sun yi kore-kore. Matar Yaya ta ce a wanke a shanya, ai da haka muke yi. Na tsaya ina kallon kuɗina. Sannan na tuna Inna da Auta daga tukunyar nan za su ci. Na zubar.

Maigida ya sa kafinta ya haɗa mana ɗan dandamali na katako. Gero da masara da gyaɗa yanzu a kai suke, taƙi guda tsakaninsu da bango. Kuma na daina sayen abin da ya wuce na mako biyu har damina ta wuce, ko da ya fi tsada a olonka.

Litinin, 28 ga Yuli

Allura ta uku, mu uku, ba wanda ya gudu. Ta faɗo daidai ranar ciwon hanta ta duniya, wadda aka sa a ranar haihuwar Baruch Blumberg, mutumin da ya gano ƙwayar cutar. An yi gwaji a unguwa, na ja masu sayen kokona shida suka je. Biyu sun ƙi, ɗaya ya ce gara bai sani ba.

Inna da Auta sun yi hoton ciki da gwajin jini na wata shida. Hanta lafiya, alhamdu lillahi. Inna ba a ɗora ta kan magani ba, an ce a ci gaba da dubawa. Yawan ƙwayar a jinin Auta ya sauka sosai. Likita ya gaya masa a gabana cewa maganin danne ta yake yi, ba ya kashe ta, kada ya ji sauƙi ya ajiye.

Wata baƙuwa ta kawo wa Inna jarkar jiƙo, wai yana wanke ciwon hanta cikin kwana arba'in. Na karɓa da godiya, da ta tafi na zuba a kwata. Duk abin da aka sha hanta ce ke tace shi, kuma na ga yadda jiƙe-jiƙe suka cinye mana wata biyu a kan Yaya.

Lahadi, 12 ga Oktoba

A makon nan aka yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa a faɗin Ghana, kyauta, allura ɗaya. 'Yata mai 11 da 'yar Yaya mai 13 duk an yi musu. Kafin a kai ga haka sai da aka sha magana.

Saƙon murya ya yi ta yawo a WhatsApp cewa allurar hana haihuwa ce. Surukata ta taso daga Mamobi musamman. Ta ce, "Ban yarda a taɓa mini jika ba. Yarinyar da ko aure ba ta sani ba, me ya haɗa ta da ciwon mahaifa?" Na durƙusa na gaishe ta, na kawo mata ruwa, na bari ta gama. Sannan na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, dalilin ke nan da ake yi yanzu. Ƙwayar cutar da ake kira HPV ita ke kawo kusan duk wannan ciwon, iri biyu daga cikinta kaɗai ke da kashi 70 cikin ɗari. Ta wurin miji mace ke samunta, ko mijin fari ne ko na biyu, shi ma bai san yana da ita ba. Allurar sai kafin a haɗu da ƙwayar take aiki sosai." Na tuna mata maƙwabciyarta mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, da ta yi shekara tana zubar jini ana cewa al'ada ce ta rikice, har ta rasu. Na ce ƙasashe da yawa sun shekara fiye da goma suna yi, 'yan matan da aka yi wa sun yi aure sun haihu.

Maigida ne ya rufe maganar. Ya ce, "Hajiya, da an yi wa surukinki allura irin wannan yana jariri, da yau yana nan." Ta daɗe tana jan carbi. Ta ce Allah ya sa albarka, amma ita za ta raka su. Ta raka su, ta riƙe wa ƙaramar hannu. Hannun ya yi tsami kwana ɗaya, shi ke nan.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Ni ma na je an duba ni, ni da matar Yaya. An shafa mama, an koya mana yadda za mu riƙa dubawa da kanmu bayan al'ada, an kuma duba bakin mahaifa da ruwan kal. Minti kaɗan ne, mace ce ta yi, kunyar da na ɗauka na tafi da ita ta fi abin girma. Ni ba a ga komai ba. Matar Yaya an ga ɗan wuri da ya yi fari, an ce ba kansa ba ce, amma irin abin da ake magancewa tun bai zama ita ba. An ba ta ranar komawa, 2 ga Disamba, kwana ɗaya bayan cikar Yaya shekara. Zan rufe koko da wuri in raka ta.

Tafiyar la'asar ta yi rauni tun da Maigida ya shiga ɗinkin bukukuwan ƙarshen shekara, sau 6 kawai muka fita tare da shi a watan jiya. Ni da matan lungu mun ci gaba, mun zama biyar. Auta ya ce ya yi mako uku bai taɓa shisha ba, sai dai ranar Alhamis na ji ƙamshin a rigarsa, ya ce zama ya yi kusa da masu sha. Hoton cikinsa na gaba a Janairu ne, shi da Inna, na fara ware kuɗin a asusun adashi.

Sabuwar gyaɗa ta fara shigowa daga Tamale. Ta Larabar da ta wuce ba ta gama bushewa ba, na fasa na ji ta da danshi, ban saya ba. Zan sake dubawa Laraba mai zuwa, in ta yi in ɗauki olonka shida.